Shirin Ɗumama Gida a Ingila Kafin Kirsimeti

Wani mai sauraronmu daga Damagaram, wanda ƙanensa ke karatu a Ingila, yana tambaya: wai wane shiri ake yi wa na'urar ɗumama gida kafin hutun Kirsimeti?

To malam, yawancin gidajen can da tukunyar gas suke samun ɗumi. Ita ke dafa ruwa, ta tura shi ta bututu zuwa wasu ƙarafa da ke manne a bangon ɗakuna. Masu dabara tun Oktoba suke kiran mai gyara, domin Disamba na kamawa, samunsa sai an sha wuya. Kuma ba kowa ke taɓa ta ba, sai mai rajistar Gas Safe, tsarin da aka fara a 2009. In haya ƙanen naka yake, doka ta wajabta wa mai gida ya sa a binciki tukunyar duk shekara, kada ya ji nauyin tuna masa.

Wani aikin kuwa shi ma zai iya. In ƙasan ƙarfen da zafi, samansa da sanyi, iska ce ta maƙale. Sai ya murɗa ɗan makullin gefe har ruwa ya ɗigo.

In zai yi balaguro, kada tsimi ya sa ya kashe tukunyar ɗungurungum. Ruwa in ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, bututu ya fashe, mutum ya dawo ya tarar da tafki a falo.

Ya kuma gwada ƙararrawar iskar guba, wadda ba ta da wari balle launi. Irinta ce garwashin kasko ke fitarwa a rufaffen ɗaki lokacin hunturunmu.