Sabar Shafinka Ta Cika Maƙil? Ga Abin Yi

Kamar yadda wayarka ke ƙin ajiye hoto idan ta cika, haka sabar Linux take. Da zarar babban ɓangaren faifanta, wato /, ya cika, sai MySQL ya tsaya, shafin ya daina buɗewa.

Fara da df -h don gano ɓangaren da ya kai 100%. Sai du -sh /var/* ya nuna maka abin da ya cinye wurin, galibi fayilolin log ne a /var/log.

Kada ka goge fayil ɗin da Nginx ke rubutu a ciki, domin wurin ba zai dawo ba sai ka sake kunna Nginx. Kwashe abin da ke cikinsa da truncate -s 0.

Kada ka taɓa /var/lib/mysql, nan bayanan shafinka suke. A ƙarshe, saita logrotate don kada matsalar ta dawo.