Kariyar wutar gida: shawarwari ga magidanta a Dutsin-Ma da Kurfi

Haɗarin lantarki a gida iri biyu ne: wuta ta ja mutum, ko tartsatsi ya tada gobara. Katawut da bireka da muka saba da su aikinsu hana waya ɗaukar lodin da ya fi ƙarfinta. Sauran haɗarin kuwa sai an ƙaro wasu na'urori.

1. Ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura na'urar RCD mai yankewa a miliyam 30 kan layin banɗaki, kicin da famfon burtsatse. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar wata ta zurare ta jikin mutum ko ruwa, nan take sai ta katse. Masu ba ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma hayar ɗakuna, ku ne wannan ta fi shafa, domin ana yawan tsoma hita cikin bokiti lokacin hunturu.

2. Na'urar AFDD kuma, mai gano tartsatsi ta katse wuta, a akwatin rarraba wuta ake ɗaura ta. Idan sukurun soket ya kwance ko ɓera ya ciji waya a silin, wuta kan riƙa tartsatsi a ɓoye. RCD ba ta ganin wannan, tunda abin da ya fita shi ke dawowa. AFDD tana da tsada, gaskiya. In kuɗi bai kai ba, a fara da ɗakunan kwana, inda ga katifa ga labule, mutane kuma suna barci.

3. Ana haɗa biyun a layi ɗaya ba tare da matsala ba, muddin kowane layi na da nasa nutural. Rabon nutural tsakanin layi biyu ne ke sa su yawan faɗuwa.

4. Kada ka sayi soket ɗin GFCI (mai aiki irin na RCD) na gwanjon Amurka. Na bolt 120 ne, wutar KEDCO kuwa 230 ce.

5. A kafa sandar at da zurfi, domin ƙasarmu kan bushe ƙwarai da rani. Janareta da inbata su ma a haɗa su da at, kuma su bi ta waɗannan na'urori bayan canjoba.

6. Ka riƙa danna maɓallin gwaji mai alamar T bayan 'yan watanni. Idan na'ura ta dinga faɗuwa, kada ka yarda a cire ta ko a yi mata gada da waya. A bi layin soket bayan soket har a gano inda ciwon yake.