Rufa wa kwalekwale tamfol: ya ci kuɗinsa kuwa?

Mu a Garhanga duwatsun Adar muka sani, teku sai labari. Amma da damina ta kankama tapkuna sukan cika, ƙoramu su kawo, kuma ƴan ciraninmu suna hawa jirgi a Tabalak, a kogin Kwara, har a ruwan Abijan. Wani ɗan ƙanena ya nuna mini a waya yadda Turawa ke ɗaure wa ƙaramin jirginsu murfi a teku don kada igiyar ruwa ta faɗo ciki. Ya ce, “Baba, mu ma ba ma sa ba?” Ga abin da na gaya masa.

1. Ku fara sanin wanda aka yi wa murfin.
Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mafarautan ƙasashen ƙanƙara irin su Girinlan, masu jirgin fata na mutum ɗaya. Yana kama ƙugun matuƙi ya haɗe da bakin jirgi, na zamani kuma yana da ƴar igiya da ake fizgewa in an kife. Ga mai shiga teku shi kaɗai ya ci kuɗinsa, amma jirgin da ya ɗauki mata da goyo da akuya lissafinsa daban.

2. Ku rufe kaya, kada ku rufe mutane.
Tamfol ko ledar buhu a kan gero da albasa abu ne mai kyau. Na taɓa tsallaka da buhun albasa a buɗe, kafin sati ya zagayo wari ya kore mu daga zaure. Amma duk wanda aka lulluɓe aka ɗaure, in jirgi ya juya, tamfol ɗin nan zai manne masa kamar koma ta kama kifi.

3. Ku sa rufin ya yi tozo a tsakiya.
In ya lotsa, ruwa zai kwanta a kansa, kun ɗora wa jirgi nauyi a sama, inda ya fi haɗari. Ku tara buhuna a tsakiya, ku ja tamfol ya gangaro har bayan bakin jirgi, ku yi ɗauri mai zarge wanda ja ɗaya ke kwance shi.

4. Abin kwasar ruwa ya riga tamfol.
Ku yanke tsohuwar jarkar mai ta gindi, ku bar mariƙin da marfinta, ku ɗaure ta da igiya a jikin jirgi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ruwan cikin jirgi ba ya zama wuri guda: duk gefen da jirgi ya karkata, can zai ruga ya ƙara danne shi.

5. Kafin ku zauna, ku dubi bakin jirgi.
In yatsunku na taɓa ruwa ba tare da kun miƙa hannu ba, lodi ya yi yawa, ku sauka ku jira sahu na biyu. A ranar 30 ga Nuwamba 2021, a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya kife da mutane, aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Lodi aka ɗora wa laifi, kuma babu murfin da zai hana irin wannan.

6. In kuɗi kaɗan ne, rigar kariya za ku saya.
A fara da ta yara, a ɗaure ta tamau don kada ta zame ta kai. In ba hali, jarka mai lita 20 babu komai ciki, an toshe ta da kyau, tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa, aikin da gora ke yi wa masunta tun kaka da kakanni. A riƙe ta a hannu, kada a cusa ta ƙarƙashin buhuna.

7. Hadari ya haɗo daga gabas, ku zauna a gaɓa.
Iskar da ke riga ruwa zuwa ita ce muguwar, tana shiga ƙarƙashin tamfol ta hura shi ta ja jirgi gefe. In ta riske ku a tsakiya, ku yaye rufin, kowa ya zauna a ƙasan jirgi, kada wanda ya miƙe. Bayan magariba kuwa, ko matuƙi ya ce “yanzun nan za mu kai”, ku nemi gidan kwana, kasuwa tana nan da safe.