Lagireto da Dokar Tsere: Ina Iyakar Sanyaya Inji?

Injin mota mai aiki da fetur ba ya mayar da duk ƙarfin man da ya ƙona ya zama gudu. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ke juya ƙafafun mota. Saura kuwa zafi ne: wani ya fice ta salansa, wani kuma ruwa ya kwashe shi zuwa lagireto, inda iska ke huce shi. Murfin lagireto yana matse ruwan, shi ya sa ba ya tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selshiyos, sai ya kai wajen 120.

A kan titi wannan tsari ya wadatar. Amma a filin tsere, inda direba ke danne totur kusan ko da yaushe, kuma motar da ke gabansa ta tare masa iska, zafi kan fi ƙarfin lagireton kamfani. Gaskit ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, an yi asarar inji ke nan. Ga wanda ke tsere don sha'awa, da kuɗin aljihunsa, wannan asara ba ƙarama ba ce.

To, a bar kowa ya gyara yadda ya ga dama? A Amurka, ƙungiyar SCCA tana da rukunin tsere mai suna Spec Miata, wanda a cikinsa kowa ke tuƙa mota iri ɗaya, ƙirar Mazda, domin a gwada gwanintar direba, ba nauyin aljihunsa ba. Duk da tsananin dokokin rukunin game da cikin inji, an yarda a sauya lagireto da wanda ya fi shi, muddin ya zauna a mazaunin na asali. Dalili shi ne babban lagireto ba ya ƙara wa inji ƙarfin a zo a gani; kare shi kawai yake yi daga lalacewa.

Sanyaya iskar da inji ke shaƙa kuwa wata magana ce dabam. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Idan zafinta ya ragu da digiri 10, abin da ke shiga silinda kan ƙaru da kimanin kashi 3 cikin 100, wato an sami damar ƙona ƙarin fetur. A tsakanin motoci iri ɗaya, wannan ɗan bambanci ya isa ya raba na ɗaya da na goma. Saboda haka wanda ya ɗora ƙanƙara a kan bututun iska ba tsoron ƙonewar gaskit yake yi ba, ko da ya rantse.

Fakewa da guzuma a harbi karsana ba sabon abu ba ne, har a wurin ƙwararru. A 1978 ƙungiyar Brabham ta kawo mota mai ƙatuwar fanka a bayanta a gasar Formula 1 ta ƙasar Suwidin, ta ce ta sanyaya inji ce. Gaskiya ne tana jawo iska ta cikin lagireto, amma kuma tana zuƙe iskar da ke ƙarƙashin motar, ta manne ta da kwalta a kwana. Niki Lauda ya ci tseren da ita, kuma ba a soke nasarar ba. Sai dai bayan ƙorafin sauran ƙungiyoyi aka janye motar, ba ta sake shiga gasar duniya ta Formula 1 ba.