Tocila Mai Caji: Abin da Mai Gyara Ke Gani Idan Ya Buɗe Cikinta

Sana'ata gyaran ƙananan kayan lantarki ce a nan Minna, su rediyo, fanka mai caji, fitilu da caja. A cikin kayan da ake kawo mini babu abin da ya kai tocila mai caji yawa, kuma kukan masu ita kusan ɗaya ne: "Injiniya, ta daina riƙe caji." Yawancinsu ba tsufa ne ya kashe su ba. Wasu ƙirarsu ce ta cuce su tun daga masana'anta, wasu kuma riƙon da muke yi musu.

Bari in fara da alherinta, don ba kaɗan ba ne. Jiharmu ce ke da madatsun ruwan Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Shiroro kaɗai, wadda ta fara aiki a 1990, an gina ta ne don megawat 600, ga ta nan kusa da mu. Duk da haka mazaunin Kpakungu ko Maitumbi ko Bosso ya san ba a kwana babu tocila a gefen shimfiɗa. Manyanmu na tuna tocilar ƙarfe mai cin manyan batura biyu ko uku irin su Tiger Head, da yadda ake shanya batir a rana idan haske ya fara ja don a ƙara tatsar kwana ɗaya. Kuɗin batir ba ya yankewa a lokacin. Mai caji ta raba mu da wannan wahala. Mai shayi, mai suya, ɗalibin da ke karatun dare a Gidan Kwano, uwar da ke tashi duba jariri, kowa ya samu sauƙi. Ta zamani ma ba ta buƙatar wata caja ta daban: kan cajar waya, ko sola, ko mota, duk suna cika ta.

Sai dai abin da muke kira "mai caji" iri biyu ne, kuma ba su haɗa hanya ba.

Ta farko ita ce ta roba mai ƙafa biyu da ake turowa daga gindi a soka a soket. Ita ce mafi araha, ita ce kuma ta cika kwandon matattun kaya a shagona. Idan na kwance ta, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: ɗan ƙaramin batirin dalma da ruwan asid mai bolt 4, ɗan'uwan batirin mota, sai kwandansa ɗaya da resista da 'yan dayod. Babu taransifoma, babu wani abin da zai yanke caji idan batir ya cika. Jan ƙwan nan da ke kunnuwa wuta kawai yake nuna tana shiga, ko shekara za ta yi a bango ba zai canza launi ba. To ku duba yadda muke rayuwa. An kawo wuta ƙarfe biyun dare, tocila na soke tun magariba, da safe kowa ya fita nema, ta wuni ta sake kwana a soket. Ruwan batir ya dinga ƙafewa har ya kumbura. Sannan a ɗauke wuta kwana biyu ko uku, a yi ta haska ta har ta mutu murus, a ajiye ta haka. Batirin dalma ba ya yafe wannan: wani farin gishiri ke daskarewa a farantansa, daga nan ba ya ƙara ɗaukar caji kamar da. Cika fiye da kima da zama fanko su ne maƙiyansa biyu, mu kuma muna haɗa masa su a mako guda.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Idan batirin ya bushe, babu abin da ke danne ƙarfin wutar da ke shigowa, shi ya sa wanda ya kunna ta tana soke zai ga ta yi wal sau ɗaya, ƙwayayen duka sun ƙone. Kuma da yake babu taransifoma, wayoyin cikinta a haɗe suke da wutar bango kai tsaye. Tocilar da jikinta ya tsage aka ɗaure da seloteb ko ƙyauro, yaro ya taɓa tana caji, wuta za ta ja shi sosai. Masu sa ta a ƙaramin inbata mai araha su ma su lura, resistar kan yi zafi har roba ta narke.

Ta biyu ita ce mai batirin litiyom da ake yi wa caji da wayar USB. Irin wannan batir kamfanin Sony ne ya fara fito da shi kasuwa a 1991, shi ne kuma ke cikin wayoyinmu. A tocila yawanci dogo ne mai kama da ɗan yatsa, sunansa 18650, wato kauri milimita 18, tsawo 65. Ƙarfinsa bolt 3.7, idan ya cika 4.2. A jikin allon da ke cikin tocilar akwai wani ɗan guntun abu, mafi yawa TP4056, wanda ke yanke caji da kansa, ƙwai ya koma kore ko shuɗi. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma duk wanda ya ce in zaɓa masa tsakanin biyun ba na jinkiri.

Amma ita ma tana da lagonta, kuma a bakin caji yake. Ƙaramin bakin nan na tsofaffin wayoyi dalma kaɗan ce ke riƙe da shi a allo. A cikin duhu mutum ya juya waya a baibai ya danna da ƙarfi, sai ya ɓalle ya faɗa ciki. Ƙurar hunturu ta cushe shi. Marfin robar da aka yi don tare ruwa shi ke fara yankewa, damina ta zo, danshi ya shiga, in buɗe in tarar da allon ya yi kore. Batir lafiya, ƙwai lafiya, tocila ta mutu saboda rami ɗaya. Tsohuwar tocilar ƙarfe ba ta da wannan ramin ko kaɗan.

Wani abin kuma ba lalacewa ba ce. Wata Hajiya ta kawo mini sabuwa fil, mai bakin USB-C, ranta a ɓace.

"Malam, jiya-jiya na saye ta, ko ƙyaftawa ba ta yi."

"Hajiya, da wace caja kika gwada?"

Ta fito da ta sabuwar wayarta, mai ƙaramin baki gaba da baya. Na ɗauko tsohon kan caja mai faffaɗan baki na jona, nan take jan ƙwai ya kama. Dalili shi ne sabon kan caja ba ya sakin wuta sai ya "ji" wasu ƙananan resista biyu a jikin na'ura, masu ƙera kayan araha kuwa kan tsallake su don rage kuɗi. Kafin ka yanke wa tocila hukunci, gwada ta da tsohon kai.

Sai maganar batirin jabu, wanda ya cika kasuwa. Za ka ga an rubuta 8,800 ko 9,900 mAh da manyan baƙi. Mafi kyawun 18650 na manyan kamfanonin duniya bai wuce wajen 3,500 ba, don haka duk abin da ya ninka wannan ƙarya ce tsagwaronta. Na gaske yana da nauyin kusan giram 45, jabun kuwa a hannu ma za ka ji shi sakayau. Wasu tsofaffin baturan kwamfuta ne aka sake wa riga. Araha ba ta ado. Haɗarin a nan ya wuce asarar kuɗi, domin litiyom idan ya ɓaci wuta yake kamawa. Masu ƙera shi sun ce kada a yi masa caji a zafin da ya haura digiri 45, mu kuwa a watannin Maris da Afrilu iskar Minna kanta tana kusan 40, balle ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka, ko gaban mota. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi. A ɗora a siminti. In ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko ta kumbura, ko ka ji wani baƙon wari, cire ta ka fitar da ita waje.

Babban abin da nake so a riƙe shi ne wannan: kowane batir mutuwa yake yi. Litiyom mai kyau kan ba da cikakken caji kamar 300 zuwa 500 kafin ya yi sanyi. Tambayar ita ce, ran da ya mutu, shi kaɗai zai tafi ko da tocilar? Da yawa an liƙe su da gam, babu ko noti ɗaya. Ina iya ɓanɓare su in canza batir, amma jikin ba ya komawa daidai, kuɗin aikin kuma kan kusa kuɗin sabuwa, sai mai ita ya ce a bar shi. Alhali akwai wadda ke da bakin caji kuma gindinta na kwancewa, batir ya zaro. Ita ta haɗa amfanin biyu. Ko a Turai sun gane haka: dokar batir da Tarayyar Turai ta kafa a 2023 ta ce daga 2027 kayan hannu su zama mai su zai iya cire batir ya canza da kansa.

Maganar batirin da ke fita ta fi shafar masu kwana a waje. 'Yan banga, masu gadi, mafarauta, makiyaya, manoman da ke zuwa mini daga wajen Kuta da Paiko da Beji: idan liƙaƙƙiyar tocila ta mutu ƙarfe ɗayan dare a daji, sai an nemi wuta an jira sa'o'i. Mai batir na biyu a jaka kuwa minti ɗaya ya ishe shi. Sai dai a kula, kada a jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, ƙarfe na haɗa kansa da gindinsa zai ƙona mutum. A sa shi a ɗan gidan roba ko a naɗe bakinsa da seloteb. Wanda kuma ƙauyensu babu wuta babu sola, ban ga abin kunya ba ya riƙe mai batirin saye, tunda kowace tireda akwai shi.

Hukuncina ke nan: in da hali, sayi mai USB-C wadda batirinta ke fita. A Kasuwar Kure ne ko ina, ce wa mai kaya ya kwance gindinta a gabanka, ka ɗaga batirin ka ji nauyinsa kafin ka biya. In ƙarfinka bai wuce mai ƙafa biyu ba, kada ta wuce sa'o'in da aka rubuta a kwalinta tana soke, kada a kunna ta tana caji, kuma da haske ya fara rauni a kashe ta.

Saura matattun. A 2015 gubar dalma ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar nan. Daga haƙar zinariya ta fito, ba daga batir ba, amma dalmar ɗaya ce da wadda ke cikin tocila mai ƙafa biyu. Ina ganin yara a bola suna fasa su da dutse don neman ƙwai da waya, hannun nan kuma da shi za su ci abinci. Iyaye, don Allah kada a ba yaro matacciyar tocila ya yi wasa, kada a jefa ta a wutar shara. A tara su wuri guda inda yara ba sa kaiwa, a miƙa wa mai gyara ko masu sayen tsohon batirin mota.