Curin Makamashi Na Ciyawa: Yadda Ake Gane Mai Cin Wuta Sosai

Jama'a, kowa ya san yadda itacen girki ke ƙara wuya da tsada, dazuzzuka kuma suna ƙarewa. Don haka ne masana suka mai da hankali ga tsire-tsiren da ake nomawa musamman saboda wuta, irin su dogayen ciyayi dangin gamba, da dawa mai yawan kara. Akan yanke su, a shanya, a niƙa, sa'an nan inji ya matse garin ya fito curi-curi kamar guntayen fensir, masu kaurin milimita 6 zuwa 8. Kilo 2 na mai kyau yana ba da zafi kusan na litar kananzir guda. Amma ba kowane curi ke yin haka ba. Abu uku ke rarrabe su.

Na farko, danshi. Kada ruwan da ke cikin curi ya wuce kashi 10 cikin 100. In ya wuce, wuta za ta ɓata ƙarfinta wajen busar da shi, uwargida ta sha hayaƙi, tuwo bai nuna ba.

Na biyu, toka. Tokar curin katako mai kyau ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, ta ciyawa kuwa ta ninka haka sau da yawa. Ciyawa tana da fotash, wato sinadarin nan da ke sa ruwan toka kaifi. Shi ke sa toka ta narke da wuri, ta daskare kamar kashin maƙera, ta toshe ƙofofin iska na murhu. Maganin wannan yana gona. A bar ciyawa ta bushe a tsaye kafin yanka, domin lokacin nan fotash ɗin da ke cikinta ya ragu. Kada a kwaso ta da ƙasa. A kuma gauraya ta da garin katako.

Na uku, tauri. Curi nagari yana da santsi da sheƙi, in an karya shi sai ya ce ƙas. Wanda ke marmashewa a hannu, garinsa kan shaƙe wuta.

Saboda haka, mai saye ya duba kafin ya biya, ya ajiye buhu inda ruwa ba ya taɓawa, ya riƙa kwashe toka kullum. Kada kuma a hura shi cikin rufaffen ɗaki, gama yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuwa kisa.