Waya a Kan Babur: Yadda Taswira Take Nuna Hanya

Mai babur a ƙasar Jos ba ya rasa tafiya. Yau an aike shi Bokkos ya ɗauko dankalin Turawa, gobe zai kai taki wata gona a bayan Barikin Ladi, jibi ana ɗaurin aure a Jengre. Hanyar da ya saba bi ba ta ba shi wahala. Wahalar tana zuwa ne ran da aka kwatanta masa ƙauyen da bai taɓa zuwa ba, aka ce idan ya wuce gada ya yi dama, ya je ya tarar gadoji uku ne. Mai ya ƙone, rana ta yi, kaya ba su isa ba.

Wayar da take aljihunka za ta iya rage maka wannan asara. Ba sai mai tsada ba. Tecno ko Itel ko Infinix, sabuwa ko ta hannu, in dai irin wadda ake shafa fuskarta ce, yawanci tana da abin da ake kira GPS. Ƙananan wayoyi masu madannai ne galibi ba su da shi.

Yaya waya take sanin inda kake?

A can sama, nisan kilomita wajen 20,200 daga ƙasa, akwai taurarin ɗan'adam da gwamnatin Amurka ta harba. An harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Ba sa gaza 24, kuma kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana ɗaya. Aikinsu shi ne su riƙa aiko saƙo ba dare ba rana, kowanne yana faɗin inda yake da lokacin da ya aiko saƙon.

Ka tuna yadda hadari yake yi a kan duwatsun Shere da damina. Kana ganin walƙiya, sai daga baya ka ji tsawa. In tsawar ta biyo nan take, ka san kusa take. In ta jinkirta, ka san tana nesa. Haka waya take yi. Tana auna jinkirin da saƙon kowane tauraro ya yi kafin ya iso, daga nan ta gane nisanta da shi. Jinkirin bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, amma ya isa a yi lissafi da shi. Idan ta ji taurari huɗu ko fiye, sai ta haɗa lissafin ta gano inda take. A fili, inda babu abin da ya tare sama, kuskurenta bai cika wuce mita biyar ba. Ƙasashen Rasha da Sin da Tarayyar Turai su ma suna da nasu taurarin, kuma wayoyin yanzu da yawa suna saurarensu tare da na Amurka.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: waya sauraren taurarin kawai take yi, ba ta aika musu komai. Saboda haka gano inda kake ba ya cin kati, ba ya cin data, kuma yana aiki ko a dajin da babu sabis. Abin da yake cin data shi ne taswira, wato zanen hanyoyi da garuruwa da ake ɗora wurin naka a kai. Ita kuwa ana iya sauke ta a ajiye cikin waya tun a gida.

Shirin da ake yi kafin a tashi

Ja fuskar waya daga sama zuwa ƙasa, ka nemi alamar lokeshan, ka kunna. Sannan ka buɗe manhajar Google Maps, wadda yawanci take zuwa a cikin wayar. Za ka ga wani shuɗin ɗigo. Wannan ɗigon kai ne. In ka matsa, zai matsa. A karon farko ka fita tsakar gida ka ba shi ɗan lokaci, domin rufin kwano da bango suna tare saƙon taurari.

Don ajiye taswira, taɓa hotonka ko harafin sunanka da yake sama ta hannun dama, ka zaɓi inda aka rubuta Offline maps. Ja akwatin har ya rufe duk yankin da kake zirga-zirga, misali daga Bassa zuwa Pankshin, sannan ka sauke. Ka yi wannan a cikin gari inda sabis yake da ƙarfi. In abin ya yi maka wuya, ka ba ɗanka ko mai gyaran waya ya yi a gabanka kana kallo, don gobe ka yi da kanka. Akwai wasu manhajojin, irin su Organic Maps da OsmAnd, da aka yi su musamman don aiki ba data. Wani lokaci sukan nuna ƙananan hanyoyin da Google bai zana ba, wani lokaci kuma su ne ba su da su. Wanda yake yawan shiga ƙauyuka ba laifi ya ajiye biyu.

A 2019 kamfanin Google ya ƙara wa taswirarsa ta Nijeriya zaɓi na masu babur. Idan ka rubuta inda za ka, za ka ga hoton mota, da na babur, da na mai tafiya a ƙasa. Taɓa na babur. Sai dai shi wannan zaɓin ya fi aiki in akwai data, don haka ka nemi hanyar tun kana inda akwai sabis, ka bar ta a buɗe.

Wajen rubuta sunan wuri a yi hattara ƙwarai. Akwai Tudun Wada a Jos, akwai a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a jihar Kano. In ka taɓa na farko da ya fito ba ka karanta ba, waya za ta ɗauke ka zuwa wata jiha. Karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin sunan, ka tabbata ka ga Jos ko Plateau. Sannan ka dubi nisan. In ka san wurin bai wuce tafiyar rabin awa ba, waya kuma ta ce kilomita 200, to ba shi ba ne. Nan iya karatu zai yi maka rana, domin da haruffa da lambobi taswira take faɗa maka suna da nisa.

Hanya mafi sauƙi ma ita ce wanda za ka wurinsa ya turo maka lokeshan ta WhatsApp. Ka taɓa shi, taswira ta buɗe, ta ja maka layi har ƙofar gidansa ko bakin gonarsa. Wannan ya fi amfani a ƙauyukan da ba a rubuta sunansu a taswira ba.

Ɗaura waya a kan babur

Kada ka riƙe waya a hannu kana tuƙi. Dokar hanya ta hana, jami'an hukumar kiyaye haɗura suna kama mai yi, kuma hannu ɗaya ba ya riƙe babur a kan duwatsu da ramuka. Masu sayar da kayan babur suna da mariƙin waya da ake ɗaurawa a kan babur kusa da madubi. Zaɓi mai kama waya ta kusurwa huɗu, ka ɗaure shi tamau, ka ƙara zagaya wayar da roba. Girgizar hanya takan kwance noti a hankali, don haka ka riƙa taɓa shi kowace safiya. Girgizar kan lalata kyamarar wasu wayoyi masu tsada. Wannan ma dalili ne na sa mai araha a kan babur, a bar mai tsadar a gida ko a aljihu.

Taswira tana shan batir sosai, domin fuskar waya a kunne take duk tsawon tafiya. Batirin babur irin su Bajaj Boxer mai ƙarfin bolt 12 ne, waya kuwa 5 take so. Kada a haɗa su kai tsaye, wayar za ta ƙone. Akwai 'yar caja ta babur da take rage ƙarfin wutar. Ka kai wa mai wayarin ya haɗa ta da fiyus, ta bayan makulli, yadda in ka kashe babur ita ma za ta mutu. In ba haka ba za ta tsotse batirin cikin dare. Wanda bai samu wannan ba ya sa fawa bank a jaka.

Sai yanayin Jos. Garin yana bisa tudu mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai, ruwan sama kuma yakan ɗauko daga Afrilu har Oktoba, wani lokaci da ƙanƙara. Ka riƙa tafiya da farar leda mai kauri da za ka sa wayar a ciki in hadari ya taso. Gajimare da hazo ba sa hana saƙon taurari isowa, ruwa ne dai yake kashe waya. Da rani kuma rana takan dafa ta har ta kashe kanta. In ka ji ta yi zafi, cire ta ka sa a inuwa.

Manhajar tana magana, tana faɗin inda za a juya, amma da Turanci. In kana ji, sa abin saurare a kunne ɗaya ƙarƙashin hular kwano, ka bar ɗaya kunnen don hon ɗin motoci. In ba ka ji, kibiyar da ke saman fuskar waya ta isa. Tana nuna hagu ko dama, da lambar mitocin da suka rage. Kallo ɗaya za ka yi mata ka mai da ido kan titi. Duk abin da ya wuce haka, na rubutu ko na neman wata hanya, sai ka sauka gefen titi ka tsaya. A gangaren Hawan Kibo, inda manyan motoci suke saukowa da kaya, ko kallo ɗayan ma ka bari sai ka sauka.

Abin da waya ba ta sani ba

Waya ta san inda kake, ta san yadda aka zana hanya. Ba ta san halin da hanyar take ciki yau ba. A Mararrabar Jama'a za ta gaya maka daidai wace hanya ce ta Heipang da Barikin Ladi da Mangu, wace ce ta Riyom da Akwanga, domin manyan tituna ne. Amma da ka sauka daga kwalta, saninta ya ragu. Ba ta san ruwan jiya ya cinye gada ba. Ba ta san rafin da ake tsallakawa da rani ya cika ya batse a watan Agusta ba. A yankin Bukuru da Barikin Ladi akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka zama tafkuna masu zurfi, akwai kuma sababbin ramuka da ba a zana su ko'ina ba. Kada ka yanke ta cikin fili da dare don waya ta nuna maka wurin yana kusa.

Ba ta san doka ba. Tun zamanin Gwamna Jonah Jang aka hana sana'ar acaɓa, wadda mutanen Jos suke kira goyin, a cikin Jos da Bukuru. Taswira za ta iya bi da kai ta tsakiyar Terminus ba ruwanta, kai ne za a kama. Ka tambayi shugabannin ƙungiyarku inda aka yarda babur ya shiga da lokacin da aka yarda.

Mafi girma duka, ba ta san zaman lafiyar wuri ba. Duk mazaunin Filato ya san akwai ranakun da wata hanya ba ta biyuwa, akwai lokacin da ake sa dokar hana fita. Waya gajeriyar hanya take nema, ko ta ina ta bi. Don haka kafin ka kama hanyar da ba ka sani ba, tsaya a tasha ko wurin mai shayi, ka yi sallama, ka ce, "Malam, don Allah yaya hanyar nan take yau?" In maganar mutanen wurin ta saɓa da ta waya, bi ta mutane. Kuma kafin ka tashi, tura wa wani na gida lokeshan mai tafiya tare da kai. WhatsApp yana ba da zaɓin minti 15, ko awa ɗaya, ko awa takwas, amma shi wannan yana bukatar data. Ka ajiye lamba 112 ta neman agajin gaggawa, da 122 ta hukumar kiyaye haɗura.

Gwajin farko

Kada ka fara gwaji da doguwar tafiya. Zaɓi wurin da ka sani sarai, kamar kasuwar Farin Gada ko masallacin unguwarku. Rubuta sunan da hannunka, ka karanta nisan da mintocin da waya ta faɗa, ka kwafe su a littafinka. Je wurin a ƙafa ko a Keke Napep kana lura da shuɗin ɗigon. In kun haɗu da sauran masu babur da suka gwada, kowa ya faɗi inda waya ta bi da shi, da inda shi zai bi da a ce babu ita.